'Yar Fari a Gaban Kwamiti

Ni dai tun farko ba ni na nemi wannan aiki ba, gara in faɗa tun yanzu. Ilmin halittu aka ɗauke ni in koyar a wata 'yar sakandare da ke gefen Mainika, amma ranar da aka zauna rabon ayyuka ina gida da ciwon haƙori, kumatuna a kumbure. Ina dawowa na tarar an rubuta a allon ofis: Malama Rahama, mai kula da gasa. Ko tuntuɓa babu.

Gasar ta makarantu goma sha biyu ce na Gwarzo da Kabo, ana yin ta kowace shekara a zango na biyu, lokacin da zafi yake gasa mutum har cikin aji. Akwai ƙwallon ƙafa, akwai tsere, akwai muhawara, sai kuma kacici-kacici. Mu kuwa kullum muna na goma sha ɗaya, in Allah ya so mu da rahama mu zo na goma. 'Yan ƙwallonmu an taɓa zura musu tara a Kabo, suka dawo a mota suna waƙa. Da na tambaye su murnar me suke yi, wai mai tsaron gidansu ya tare fanareti ɗaya.

A haka muke har Zinnira ta zo. A aji biyar ta shigo mana, daga Kara, inda ta tashi a hannun kakarta ta wajen uba. Da tsohuwar ta rasu aka dawo da ita gidan iyayenta, wani ɗan ƙauyen makiyaya a bayan Mainika. Siririya ce, ba ta da surutu, in ka yi mata magana sai ta sunkuyar da kai. Amma ka yi tambaya a aji ka gani. Ranar da na fara gwada ta, na yi mata tambayoyi ashirin ta amsa goma sha tara, ta ashirin ɗin kuma da na koma gida na duba littafi, ni ce na yi kuskure. Likitar dabbobi take son zama, ta ce ta gaji da ganin saniya tana mutuwa ana tsaye ana cewa ƙaddara.

Da ita muka doke makarantar Madadi. Da ita muka doke makarantu uku a jere, har muka wayi gari mu ne a zagayen ƙarshe na kacici-kacici, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka kafa makarantar. Kuma ba kofi ne ya dame ni ba, kofin ma gwangwani ne da aka shafa wa ruwan zinare. Ɗaliban da suka ci zagayen ƙarshe ana kai su Kano su yi mako shida a ajin share fagen jarrabawar shiga jami'a, da malamai na gaske da ɗakin gwaje-gwaje. Mu ɗakin gwaje-gwajenmu buhunan masarar shugaban makaranta ne a ciki. Wannan mako shidan shi ne hanyar Zinnira, kuma ni da ita duk mun san haka.

Ranar Asabar za a yi a Gwarzo. Ranar Laraba takardar ƙorafi ta iso.

Malam Baƙo ne ya rubuta ta, malamin makarantar Kabo da za mu kara da su, wanda shekara huɗu ke nan kofin yana kan teburinsa har ya fara ɗauka gadon gidansu ne. Ya zauna a layin gaba ranar da muka yi zagayen kusa da na ƙarshe yana kallon Zinnira yana rubuce-rubuce. Wai yana zargin 'yar haya ce. Wai yarinyar da ba a san ta a aji huɗu ba, ta faɗo rana tsaka tana amsa tambayar sinadarai kafin a gama karantawa, lalle daga wata makarantar kuɗi ta birni aka ɗauko ta. Mu da ko alli sai mun yi karo-karo, mu ne za mu ɗauko haya daga birni.

Sai dai ba zan ce dokar 'yan haya banza ce ba. Shekaru biyu da suka wuce wata makaranta ta sako ɗan wasan gaba mai gemu, aka ce ɗan aji huɗu ne, ana cikin wasa matarsa ta aiko yaro a gaya masa an sallamo ta daga asibiti ita da jaririn. Daga nan kwamitin gasa ya kafa doka ta goma sha huɗu: duk ɗalibin da aka yi ƙorafi a kansa, uwarsa ko ubansa ya zo da ƙafarsa gaban kwamiti, a fitar da ɗalibin waje, uwar ko uban su faɗi shekarun ɗalibin da sunansa da bakinsu, a duba ko ya yi daidai da takarda. Ba a karɓar kawu, ba a karɓar baffa, domin an gano su ma a tasha ake ɗauko su haya.

Mahaifin Zinnira, Malam Abdulmumini, yana can kudu da shanu, ba zai dawo ba sai ruwa ya sauka. Na kira shugaban kwamiti, Alhaji Sharfaddeen, tsohon sufeton makarantu da ya yi ritaya amma bai yarda ya yi ba. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya tambayi shugaban makarantarmu da ciwon ƙafarsa, katina yana ta tafiya. Na ce ranka ya daɗe, ko za a kira uban a waya?

Ya ce, "Malama, doka cewa ta yi ya zo. Ba ta ce muryarsa ta zo ba."

Saura uwa ke nan. Na ce to ai da sauƙi. Wallahi har na ce da sauƙi.

Ranar Alhamis da aka tashi na bi Zinnira gida a kan acaɓa. Mahaifiyarta, Uwaliya, na same ta a gindin rumbu tana wanke ƙwarya. Doguwa ce fara, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini fura da nono mai sanyi, muka gaisa har sau uku. Na lura tun da muka shigo ba ta dubi inda Zinnira take ba. Ƙannen ta kira su ɗaya bayan ɗaya su gaishe ni, kowa da sunansa. Ita kuwa Zinnira ta ajiye jaka ta shige ɗaki.

Na ce, "Maganar Zinnira ce ta kawo ni."

Ta kawar da kai ta ce, "Yarinyar Gwaggo? Wani abin ta yi?"

A nan na gane inda matsalar take. Gwaggo ita ce surukarta, tsohuwar da ta rasu. Zinnira 'yar fari ce. Ni ba baƙuwar wannan al'ada ba ce, tawa uwar har gobe "wancan" take ce wa babban yayanmu, ga shi da furfura. Amma na ɗauka an rage, na ɗauka yanzu da matan birni suke ɗora hoton ɗan fari a waya suna kiransa rabin raina, abin ya sassauta ko'ina. Ashe a gidan nan yana nan yadda aka bar shi.

Na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce ba wani abu ba ne, mota za ta zo ta ɗauke ta, ta shiga ɗaki minti biyar, a tambaye ta shekarun yarinya ta faɗa, a tambaye ta suna ta ce Zinnira Abdulmumini, shi ke nan mu fito. Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa. Sunan 'yar fari da sunan miji, a jere, a gaban maza baƙi. Duk duniya babu suna biyu da suka fi waɗannan nauyi a bakin matar nan, kuma su kwamiti yake so.

Ta ci gaba da wanke ƙwaryar da ta riga ta fita tas.

Ta ce, "Baffansu yana nan. Shi ya kai ta makaranta."

"Ba sa karɓar baffa."

"To a jira mai gidan."

"Jibi ne, Uwaliya. Jibi."

Ta kife ƙwaryar a gefe. Ni kuwa shiru ne abin da ba na iya ɗauka. Na fara zuba. Na ce kunya ba farilla ba ce, babu malamin da ya ce wanda ya kira sunan ɗansa ya yi zunubi. Na ce yarinyar nan Allah ya ba ta kai irin wanda ban taɓa gani ba a shekara goma sha ɗaya da nake koyarwa. Na ce in ta rasa Kano saboda kalma biyu, wa za a ce ya tare mata hanya? Na faɗi abin da ya kamata, na faɗi wanda bai kamata ba. Ina cikin gidan mace, ina shan furarta, ina yi mata tsawa kamar 'yar aji ɗaya. Ita dai kanta yana ƙasa.

Zinnira ce ta fito ta ce, "Malama, mai acaɓa yana jira." Ta rako ni har bakin shinge, sannan ta ce a hankali, "Malama, don Allah ki bar ta. Ba za ta iya ba. Ni ban taɓa ji ba tun da aka haife ni."

Na ce, "Ke rufe mini baki. Ke da uwar taki duk halinku ɗaya, ku sunkuyar da kai a kwashe rabonku."

Har na ɗora ƙafa a kan babur sai ga ƙaramar ƙanwar Zinnira da gudu. Wai Inna ta ce ƙarfe nawa motar za ta zo.

Asabar da sassafe muka tashi a tsohuwar motar haya mai cin mutum goma sha takwas, mu ashirin da uku. Uwaliya ta sa atamfarta ta zuwa biki da babban mayafi, ta zauna kusa da ni a gaba. Zinnira ta wuce can kujerar ƙarshe, ba wanda ya ce ta yi hakan. Tun daga Mainika har Gwarzo ina yi wa matar nan bita. Na ce ki ɗauka karatu ne, ki rufe ido, ba ke kike faɗa ba, takarda ce take faɗa. Zinnira Abdulmumini. Maimaita. Ta dubi gonaki ta taga. Na sake. Ta gyara mayafi. Direba ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Malama, a yi mata a hankali mana." Na ce ya kula da ramukan da yake jefa mu ciki.

A makarantar da aka shirya taron filin ya cika, ana wasan ƙarshe na ƙwallo, ganga da ihu kamar za a tsaga ƙasa. Kwamiti kuwa yana ɗakin malamai, mutum biyar a bayan dogon tebur, fanka tana rataye ba wuta. An ce ƙarfe tara. Sai goma da rabi aka fara, domin Alhaji Sharfaddeen ya ce ba za a zauna ba sai an kawo hatimi, hatimin kuma yana aljihun sakatare, sakatare yana kallon ƙwallo.

Malam Baƙo yana gefe ya harɗe ƙafa, da sabuwar hula. Ya gaishe ni da fara'a har da tambayar yara. Na amsa don dai kar a ce ba ni da tarbiyya.

Alhaji ya buɗe da addu'a, ya yi jawabin minti ashirin a kan tarihin doka ta goma sha huɗu, sannan ya ce a fitar da ɗaliba. Ba bakin ƙofa ba, ba baranda ba, can gindin darbejiyar da ke bayan ajujuwa, inda ba za ta ji ba kuma ba za a ji ta ba. Zinnira ta fita ba ta waiwayo ba.

Aka ba Uwaliya kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa a kan siminti.

Alhaji ya ce, "Baiwar Allah, yarinyar da ta fita yanzu, 'yarki ce?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "A gidanmu take."

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya yi murmushi, ya ce ƙasa-ƙasa, "'Yar fari ce." Duk suka gyaɗa kai. Kun ji abin da ya fi ƙona mini rai. Babu mutum ɗaya a ɗakin nan da bai gane ba. Dukkansu iyayensu mata haka suka yi. Da idonsu suna ganin uwa, irin shaidar da ko alƙali ba zai nemi ƙari ba, domin wace 'yar haya ce za ta iya wannan kunyar? Amma Alhaji ya gyara tabarau ya ce a ci gaba.

"Shekarunta nawa?"

Wannan ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Sha bakwai ta cika a watan Rajab. Ranar Laraba aka haife ta, da hantsi." Ta ɗan tsaya, sai kuma maganar ta ci gaba da fitowa ita kaɗai, kanta a ƙasa. "Tana da tabo a diddigen hagu, kaza ce ta sa ta taka garwashi tana koyon tafiya. Ba ta cin kuɓewa. In za ta yi jarrabawa ba ta iya karyawa, sai a zuba mata nono a gora a sa a jakarta ba ta sani ba. Yau ma yana ciki."

Ni da na ɗauka matar nan ko kallon yarinyar ba ta yi.

Sakatare ya duba takarda ya ce shekaru sun yi daidai. Na ce, "To ranka ya daɗe, ai magana ta ƙare."

Alhaji ya ce, "Saura suna."

Malam Baƙo ya sauke ƙafa ya ce, "Ranka ya daɗe, a lura, an ga Malama tana biya mata a mota. Yarana sun gani a bakin ƙofar makaranta." Allah ya sani na so in cire takalmi.

Alhaji ya ɗaga hannu. Ya sassauta murya, don a ganinsa taimako yake yi. Ya ce, "Baiwar Allah, manta da abin da kowa ya gaya miki. Na san da nauyi. Amma amana ce, kuma Allah yana ji. Tsakaninki da Allah, sunan da liman ya raɗa mata ranar suna, shi za ki faɗa mana. Sau ɗaya tak."

Ban san minti nawa muka yi ba. Gumi yana bin bayana. Ina kallon hannunta ya damƙe gefen mayafi har jijiyoyi sun tashi. Ina motsa baki ba sauti, Zinnira, Zinnira, ko za ta ɗago ta gani. Ba ta ɗago ba. Ta buɗe baki ta rufe. Ta sake buɗewa.

Ta ce, "Halima Sa'adiya."

A hankali ta faɗa, amma kowa ya ji. Sakatare ya kai yatsa kan takarda, ya ɗago ya dubi Alhaji.

Ni na fara magana. Na ce, "Wace Halima kuma?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce, "Sunan Gwaggo ne aka mayar. Shi ya sa ake yi mata alkunya da wancan."

Sai komai ya faɗo mini lokaci ɗaya. Sunan kakarta aka sa mata, uwar mijin Uwaliya, sunan da babu mai iya kamawa a gidan, don haka tun tana zanin goyo aka laƙaba mata Zinnira. Baffan da ya kai ta firamare Zinnira ya sani a baki, Zinnira ya faɗa, malamin ya rubuta. Daga firamare ya bi ta sakandare, daga rajistar sakandare ni da hannuna na kwafe shi a takardar gasa. A takardar nan akwai layi ƙarara da aka rubuta sunan yanka. Na cike shi ina cin gyaɗa, ban tambayi kowa ba. Na yi kwana biyu ina tursasa matar nan, ban taɓa tsayawa na ce mata shin wannan ne sunan ba.

Alhaji ya ce, "Bai yi daidai da takarda ba."

Na miƙe. Na ce ranka ya daɗe, a cikinku wa ye ba shi da Ummi ko Abba ko Iya a gidansa? Na juya na ce, "Kai Malam Baƙo, liman ne ya raɗa maka Baƙo?"

Ya ce, "A'a. Amma duk takarduna Zainulabidin ne a jiki, Malama. Kina iya dubawa."

Na ce to a sake tambayarta sunan da ake kiran yarinyar da shi. Alhaji ya ce doka tambaya ɗaya ta tanada, kuma ko an sake, an riga an shaida cewa na biya mata. Na ce a kira Zinnira a tambaye ta sunanta na yanka, in ba ta ce Halima Sa'adiya ba a kore mu daga gasar har abada. Ya ce doka ba ta ce a tambayi ɗalibi ba. Na ce a duba diddigenta. Ya ce kwamiti ba asibiti ba ne. Muryata ta kai inda har sakatare ya tashi ya rufe taga.

Da na gaji na yi shiru, Alhaji ya cire tabarau ya goge fuska. Ya ce, "Malama, ni na yarda 'yarta ce. Wallahi na yarda, ko rantsuwa aka ce in yi zan yi. Amma takardar nan ce za ta je Kano, da sa hannuna a ƙasa. Abin da uwa ta faɗa daban, abin da ke rubuce daban. In na bari yau, gobe mai gemu zai dawo ya ce shi ma alkunya ce. Ku gyara takardunta, baɗi ta shigo."

Baɗi tana aji shida, 'yan aji shida kuma ba sa shiga gasa. Shi ya rubuta wannan dokar ma. Na tuna masa, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya buga hatimi.

Malam Baƙo bai yi murna ba, in faɗi gaskiya. Ya tsaya yana juya hula a hannu kamar zai ce wani abu, na bi ta gabansa na wuce.

A baranda Uwaliya ta riƙo gefen hijabina. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Malama, ɓatawa na yi?"

Na ce, "Ba ki ɓata komai ba. Gaskiya aka ce ki faɗa."

"Cewa ya yi tsakanina da Allah."

"Na ji. Ni ce na ɓata."

Ta lulluɓe fuskarta gaba ɗaya, ta ratsa ta bayan masu kallon ƙwallo ta nufi inda muka ajiye mota. Ina hango ta ta buɗe ƙofa ta shiga ta zauna cikin wannan zafin, ta ja ƙofar.

Na tarar da Zinnira a gindin darbejiya da littafin sinadarai a cinya. Tana ganin fuskata ta rufe littafin. Na zauna a kan saiwa na gaya mata duka, ban rage ba, har da gyaɗar da nake ci lokacin da na cike takarda. Na ce zan rubuta ƙara, zan je ofishin shiyya ranar Litinin, zan je har Kano in ta kama, sai na ga bayan doka ta goma sha huɗu da wanda ya haife ta. Ina faɗa ina sane babu inda za ta je. Aka buga ƙararrawar shiga zauren kacici-kacici, sauran yaranmu biyu suna tsaye daga nesa suna jirana, kowa ya san yadda za ta kaya ba tare da ita ba.

Na jira ta yi kuka, ko ta ce Malama kin cuce ni, da na fi samun sauƙi. Ta daɗe tana murza gefen littafin.

Ta ce, "Malama, da bakinta ta faɗa?"

"Da bakinta."

"Duka biyun? Halima da Sa'adiya?"

"Duka biyun."

Ta ce, "Yaya ta faɗa?"

Na buɗe baki in gwada, na ji ba zan iya ba. Ni da na ji, da Alhaji Sharfaddeen, da sakatare, da Malam Baƙo, mu bakwai da ba ruwanmu, mu muka ji. Ita an tura ta bayan ajujuwa.

Na ce, "A hankali ta faɗa. Ba ta yi tuntuɓe ba."

Ta juya ta dubi motar can nesa, inda ake hango mayafi ta gilashi.

Ta ce, "Ba za ta sake ba, Malama."

Aka sake buga ƙararrawa. Na ce ta taso mu shiga ko kallo ta yi. Ta ce in je, za ta ɗan zauna a nan tukuna.